Tallan Gidaje a Intanet: Tasirin Hoto da Kalma da Farashi a kan Ciniki

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa neman gidan saye ko na haya a garuruwanmu ya san yadda abin yake tafiya. Mutum zai sami dillali ya faɗa masa unguwar da yake so da kuma ƙarfin aljihunsa, sa'an nan su kama hanya lungu-lungu, daga wannan zaure zuwa wancan, har Allah ya sa a dace. A ƙasashe irin su Amurka da Ingila kuwa, mafi yawan wannan zagaye ya koma cikin kwamfuta da wayar hannu. Ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar Amurka, wadda takan gudanar da binciken jin ra'ayin masu saye kowace shekara, ta bayyana cewa a 1995 kashi 2 ne kacal daga cikin 100 na masu sayen gida suka yi amfani da intanet wajen nema, amma a 2020 adadin ya kai kashi 97, kuma kimanin rabinsu a can ne suka fara ganin gidan da suka saya. Manyan shafuna irin su Rightmove na Ingila, wanda aka kafa a 2000, da Zillow na Amurka, wanda ya fara aiki a 2006, su ne suka zama kasuwar da ake baje wannan haja.

Ke nan mai saye yakan yanke hukuncin farko, wato ko ya je ya ga gida ko ya wuce shi, bisa 'yan hotuna da 'yan layukan rubutu da kuma farashin da aka sa. Wani lokaci ma ba hukuncin farko kaɗai ba. A ƙarshen shekarar 2020, lokacin annobar korona, kamfanin dillanci na Redfin ya tambayi waɗanda suka sayi gida a wannan shekara, sai kashi 63 daga cikin 100 suka ce sun taya wani gida ba tare da sun taɓa taka ƙafa a cikinsa ba. Wannan maƙala za ta duba abin da masana tattalin arziki da masana halayyar ɗan Adam suka gano game da ingancin irin wannan talla, da yadda yake shafar mai saye da mai sayarwa da kasuwar baki ɗaya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Kafin mu shiga maganar hoto, ya kamata mai karatu ya fahimci ainihin matsalar da talla yake ƙoƙarin warwarewa. A cinikin gida, ilmin ɓangarorin biyu ba daidai yake ba. Mai gida ya yi damina da rani a ciki. Ya san kwanon da ke zuba, da bangon da ke tsatsafar da ruwa, da maƙwabcin da ke tayar da janareta tsakar dare. Mai saye bai san ko ɗaya ba. Masana suna kiran wannan hali rashin daidaiton bayani.

Wanda ya fara fayyace illar wannan hali shi ne George Akerlof, a wata maƙala da ya buga a 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci. Amurkawa sukan kira mota mai ɓoyayyen aibi da sunan lemun tsami, shi ya sa aka san maƙalar da sunan kasuwar lemun tsami. Saboda wannan aiki ne ya sami kyautar Nobel a 2001 tare da Michael Spence da Joseph Stiglitz. Bari mu juya hujjarsa zuwa gidaje da ɗan lissafi na misali.

A ɗauka akwai gidaje 100 na sayarwa a wani gari, waɗanda a ido duk kamarsu ɗaya. Guda 50 lafiyayyu ne, kowanne ya cancanci naira miliyan 20 a wurin mai saye, sauran 50 kuwa suna da ɓoyayyen aibi, ba su wuce miliyan 10 ba. Mai saye ba shi da hanyar bambancewa, saboda haka in yana da hankali ba zai taya miliyan 20 ba, domin yana iya faɗawa kan maras kyau. Zai tsaya a tsakiya, wato miliyan 15. To, a ɗauka kuma mai lafiyayyen gida ba zai sallama a ƙasa da miliyan 18 ba. Da ya ji tayin miliyan 15 sai ya ce albarka, ya janye gidansa. Mai gida maras kyau kuwa murna zai yi. Ba da daɗewa ba masu saye za su lura cewa gidajen da suka rage a kasuwa duk masu aibi ne, sai su mayar da tayinsu miliyan 10. Ƙarshenta ga mai kuɗi yana son gida nagari, ga mai gida nagari yana son sayarwa, ga tazarar miliyan 2 da za su iya daidaitawa a cikinta, amma ciniki bai faɗa ba. Babu wanda ya yi ƙarya a cikin wannan lissafi. Rashin sani kawai ya isa ya kori nagari daga kasuwa.

Mafita ita ce mai gida nagari ya sami hanyar nuna nagartar gidansa wadda mai gida maras kyau ba zai iya kwaikwaya cikin sauƙi ba. Wannan shi ne abin da Spence ya kira alama a aikinsa na 1973. Faɗin cewa gida yana da kyau ba alama ba ce, tun da kowa yana iya faɗa. Amma sa hoton kowane ɗaki har da banɗaki da silin, da zanen fasalin gida mai ɗauke da awo, da shekarar gini, da bayanin takardun mallaka, wannan abu ne mai wuya ga wanda yake da abin ɓoyewa. Don haka idan muka ce ingancin talla, abin da muke nufi da farko shi ne yawan tabbataccen bayanin da ke cikinsa. Ƙyale-ƙyale yana zuwa ne daga baya.

Inda ido yake fara sauka

Idon ɗan Adam ba ya karanta shafi gaba ɗaya a lokaci guda. Wurin da yake gani tangararau ɗan ƙarami ne, bai wuce faɗin digiri 2 ba, kwatankwacin farcen babban yatsa idan mutum ya miƙe hannunsa. Saboda haka ƙwayar ido takan yi ta tsalle daga wannan wuri zuwa wancan, sau uku ko huɗu a cikin daƙiƙa ɗaya, tana ɗan tsayawa a inda hankali ya karkata. Akwai na'urar da take haska ido da wani irin haske da ba a gani, ta riƙa rubuta inda ƙwayar ta tsaya da tsawon tsayawarta. Amfanin wannan na'ura shi ne ba ta dogara da abin da mutum ya faɗa ba, domin sau da yawa abin da muke cewa mun duba daban, abin da muka duba daban.

Farfesa Michael Seiler, lokacin yana Jami'ar Old Dominion a jihar Bajiniya, shi da abokan aikinsa sun yi amfani da wannan na'ura a wani bincike da aka buga a 2012. Sun zaunar da mutane 45 a gaban kwamfuta, aka nuna wa kowannensu tallan gidaje 10. Abin da aka gani shi ne, kashi 95 daga cikin 100 hoton gaban gida suka fara kallo, kuma sukan ɗauki kimanin daƙiƙa 20 a kansa. Idan aka haɗa lokacin gaba ɗaya, kimanin kashi 60 ya tafi ne a kan hotuna, kashi 20 a kan bayanin ƙididdiga irin su yawan ɗakuna da girman gida, sauran kashi 20 a kan jawabin dillali. Wani abin ban dariya kuma, fiye da kashi 40 na mutanen ko kallon jawabin dillalin ba su yi ba, alhali shi ne ɓangaren da dillalai suka fi shan wahalar tsarawa.

Mutum 45 ba su da yawa, kuma dukansu 'yan ƙasa ɗaya ne, saboda haka bai kamata a ɗora wa waɗannan alƙaluma kayan da ya fi ƙarfinsu ba. Duk da haka darasin a fili yake. Hoton farko shi ne zauren talla. Wanda bai ji daɗin zaure ba, da wuya ya nemi shiga tsakar gida. Gida mai kyau da aka ɗauki hotonsa da almuru, ko aka bar kwandon shara a bakin ƙofa, yana iya rasa mai sayensa na gaskiya tun kafin a kai ga maganar kuɗi.

Nawa hoto yake kawowa?

A nan ne ake bukatar taka-tsantsan irin na ɗalibin kimiyya. A 2013 kamfanin Redfin ya fitar da wani nazari wanda ya kwatanta gidajen da aka ɗauki hotonsu da babbar kyamara irin ta ƙwararru da waɗanda aka ɗauka da ƙaramar kyamara. Ya ce a tsakanin gidajen da kuɗinsu ya kama daga dala 200,000 zuwa miliyan 1, masu hoton babbar kyamara sun sami ƙarin dala 3,400 zuwa 11,200 idan aka auna da farashin da aka nema. Masu sana'ar ɗaukar hoto sun daɗe suna yawo da wannan adadi, kuma ba abin mamaki ba ne.

To amma shin kyamarar ce ta kawo kuɗin? Mai gidan da ya ɗauko ƙwararren mai hoto, mai yiwuwa ne shi ne kuma ya yi fenti, ya gyara famfo, ya zaɓi gogaggen dillali. Haka nan dillali yakan fi kashe kuɗi a kan gidan da ya san zai yi kasuwa. Ke nan hoto mai kyau da farashi mai kyau suna iya tafiya tare ba don wannan ne ya haifi wancan ba, sai don akwai abu na uku da ya haife su duka. Lema da taɓo sukan bayyana rana ɗaya, amma ba lema ce take kawo taɓo ba. Ga kuma cewa wanda ya yi nazarin kamfanin dillanci ne, mai son a san yana hidima.

Hanyar kauce wa wannan tarko ita ce a sami gida guda, a auna shi kafin a canza hoto da bayan an canza, sa'an nan a kwatanta canjin da na wasu gidaje makamantansa waɗanda ba a taɓa hotonsu ba a daidai wannan lokaci. A cinikin saye da sayarwa wannan yana da wuya, domin gida sau ɗaya ake sayar da shi. Amma a gidajen saukar baƙi abin yana yiwuwa, tun da ɗaki ɗaya ake ba da haya kullum. Shunyuan Zhang da abokan aikinta sun yi haka da shafin Airbnb, inda suka bi diddigin masaukai 7,423 har tsawon wata 16, aka buga sakamakon a mujallar Management Science a 2022. Sun gano cewa masaukan da suka koma amfani da hotunan da masu hoton kamfanin suka ɗauka sun sami ƙarin baƙi da kusan kashi 9 daga cikin 100. Bugu da ƙari sun sa kwamfuta ta tantance siffofi 12 na hoto, waɗanda suka shafi tsarin abubuwa a cikin hoton, da launi da haske, da yadda abin da ake son nunawa ya fita daban daga abin da ke bayansa, kuma waɗannan siffofi sun bayyana wani kaso mai yawa na ƙarin da aka samu.

Kwana biyu a masauki da sayen gidan zama ba ɗaya ba ne. Mai sayen gida zai je ya gani, ya kai magini ya duba masa, ya yi shawara da iyali. A ganina abin da za a iya faɗa ba tare da wuce gona da iri ba shi ne, hoto mai kyau yana ƙara yawan masu zuwa gani, yawan masu zuwa gani kuma yana ƙara yawan masu tayi, kuma a ko'ina ne idan masu tayi suka yi yawa farashi yakan ɗaga. Hoton bai ƙara wa gidan ko bulo ɗaya ba.

Inda gyara yake komawa algus

Ɗan bayanin kimiyyar haske zai taimaka a nan. Kowane gilashin kyamara yana da faɗin abin da yake iya ɗauka, wanda ya danganta da tazarar da ke tsakaninsa da wurin da haske yake taruwa, kuma da milimita ake auna ta. A babbar kyamara mai allon ɗauka na milimita 36, gilashi mai lamba 50 yana ɗaukar kimanin digiri 40 daga hagu zuwa dama, kuma shi ne yake ba da hoto mai kama da yadda ido ya saba gani. Gilashi mai lamba 16 kuwa yana ɗaukar kusan digiri 97. Idan aka tsaya a kusurwar ɗaki da irin wannan gilashi, abin da ke kusa zai yi girma, bangon ƙarshe ya yi kamar ya ja da baya, sai ƙaramin ɗaki ya zama kamar falon attajiri. Mai hoto yana da uzuri, domin in ba da shi ba, ba zai iya haɗa bango uku a hoto ɗaya ba. Amma mai kallo yana iya gane shi: ƙofar da ke gefen hoto takan yi faɗin da ya wuce misali, teburi mai da'ira ya koma kamar ƙwai. Maganin abin shi ne a rubuta awon kowane ɗaki, tun da mita 3 da 4 ba ta canzawa ko da wane gilashi aka ɗauka.

Kwamfuta ta ƙara buɗe wata ƙofar. Ana iya zuba kujeru da labule a hoton ɗakin da babu kome a cikinsa, a mayar da busasshiyar ciyawa kore, a share turken lantarki daga gaban gida, a shafe tabon ruwa a jikin silin. Na farko taimakon tunani ne in an faɗa. Na ƙarshe kuwa algus ne tsantsa. Hukumomi sun daɗe suna bin sawun wannan. Birtaniya ta kafa doka a 1991 wadda ta mayar da siffanta gida da ƙarya laifi, ta soke ta a 2013 ta mayar da batun ƙarƙashin dokokin kare masu saye gaba ɗaya, waɗanda suka hana har da ɓoye muhimmin bayani. Jihar Kalifoniya kuma ta zartar da doka a 2025 wadda ta wajabta wa dillali ya bayyana idan an sauya hoto da kwamfuta, ya kuma nuna hanyar ganin na asali.

Ko ba doka, wannan dabara takan ci mai ita. Wanda ya baro aikinsa ya zo ganin fada sai ya tarar da akurki, ba zai tsaya a kan raina girman ɗaki ba. Zai fara zargin duk sauran abin da aka faɗa masa, har wanda yake gaskiya.

Kalmomin dillali

Steven Levitt da Chad Syverson na Jami'ar Shikago sun nazarci cinikin gidaje kusan 100,000 da aka yi a kewayen birnin tsakanin 1992 da 2002, suka buga sakamakon a 2008. Ko da yake yawancin waɗannan tallace-tallace sun riga zamanin manyan shafunan intanet, abin da suka gano bai tsufa ba. Sun ware gidajen da dillalai suka sayar na kansu, suka kwatanta da waɗanda suka sayar wa wasu. Gidan dillali na kansa yakan ƙara kimanin kwana 9 da rabi a kasuwa, kuma a sayar da shi da ƙarin kashi 3.7 daga cikin 100. Dalili kuwa lissafin la'ada ne. Idan rabon da yake shiga aljihun dillali kashi 1.5 ne, to ƙarin dala 10,000 a kan farashi dala 150 kawai zai ƙara masa, wanda bai kai ladan wahalar mako guda ba. Gara masa ya lallashi mai gida ya sallama da wuri. In gidan nasa ne kuwa, kusan dukan dubu goman tasa ce.

Sun kuma duba kalmomin da ke cikin tallan, kuma Levitt ya yaɗa wannan ɓangare a littafin Freakonomics da ya rubuta tare da Stephen Dubner a 2005. Kalmomin da suka tafi tare da farashi mai tsoka su ne masu ambaton abu takamaimai, kamar irin dutsen da aka shimfiɗa a kicin ko irin katakon da aka yi aiki da shi. Waɗanda suka tafi tare da farashi maras ƙarfi kuwa su ne na yabo maras tushe, irin su cewa gida yana da ban sha'awa, ko yalwatacce ne, ko unguwar tana da kyau, har da alamar motsin rai a ƙarshen jimla. Wannan ya yi daidai da abin da muka gani a baya game da alama. Mai abin nunawa yakan kira shi da sunansa. Idan kuwa aka koma yabon unguwa, mai saye mai wayo yakan fahimci cewa gidan kansa ba shi da abin yabo.

Farashi da kwantai

Adadin da aka rubuta a saman talla yana aiki a ƙwaƙwalwa kamar turke: tunanin mai saye zai yi ta kewaya shi, amma ba ya nisa da shi. Amos Tversky da Daniel Kahneman ne suka bayyana wannan ɗabi'a a 1974, sa'an nan Gregory Northcraft da Margaret Neale suka jarraba ta a kan gida na gaske a birnin Tucson na jihar Arizona, a binciken da suka buga a 1987. Sun kai gogaggun dillalai suka zagaya gida guda, aka ba kowa takardun bayani iri ɗaya, in ban da farashin nema da aka sauya. Waɗanda aka rubuta wa dala 119,900 sun kimanta gidan a kan kimanin dala 114,000, waɗanda aka rubuta wa 149,900 kuwa suka kimanta shi kusan 129,000. Gida ɗaya, masana iri ɗaya. Da aka tambaye su abubuwan da suka yi la'akari da su, mafi yawansu ba su ambaci farashin nema ba sam.

Kada mai gida ya ji wannan ya ce to bari ya tsauwala. A intanet mai saye yakan sa iyakar kuɗinsa kafin shafi ya nuna masa kome, saboda haka gidan da ya haura iyakar ko da kaɗan ne ba zai ma bayyana a gabansa ba. Sa'an nan shafin yana ƙirga kwanakin da gida ya yi a kasuwa, kowa yana gani. Masu talla a ƙasar Hausa sun san abin da ake nufi da kwantai: abincin da ya kwana, ko lafiyarsa ƙalau, mai saye zai ce me ya hana wasu ɗauka? Catherine Tucker da Juanjuan Zhang da Ting Zhu sun auna wannan. A da, dillalai a jihar Masacusets sukan cire talla su sake sa shi domin ƙirgen kwanaki ya koma sifiri. A watan Afrilu na 2006 aka hana wannan dabara a can, amma ba a hana a maƙwabciyarta Rod Ailan ba. Da masu binciken suka kwatanta gidajen da ke bakin iyakar jihohin biyu, sai suka ga waɗanda sabuwar ƙa'idar ta rutsa da su suna kasuwa sun yi asarar kimanin dala 16,000 a farashinsu. Ba abin da ya canza a jikin gidajen. Masu saye ne kawai suka san tsawon zamansu.

Ke nan makonnin farko su ne jarin mai sayarwa. Wanda ya fita da hotuna marasa kyau da farashin ganin dama yana cewa zai gyara daga baya, ya ɓarar da lokacin da idanu suka fi yawa a kan gidansa.

Mu a nan gida

Sayen abin da ba a gani ba bisa siffantawa ba baƙon abu ba ne a wurin malamanmu. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, sun halatta cinikin abin da ba ya nan idan an siffanta shi, har da sayen ƙunshin kaya bisa takardar da ta lissafta abin da ke ciki. Sun kuma ambaci gida da fili a cikin abubuwan da ake iya biyan kuɗinsu tun kafin a gani, saboda ba su saurin canzawa. Sharaɗin shi ne siffar ta kasance sananniya, kuma idan abin ya saɓa mata, mai saye yana da zaɓin fasawa. Haka nan idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Idan aka lura, matsalar da Akerlof ya yi wa lissafi a 1970 ita ce waɗannan malamai suka yi wa hukunci ƙarnoni da dama kafinsa.

A Nijeriya akwai shafuna irin su Nigeria Property Centre da PropertyPro da Jiji, amma a garuruwan Arewa kaso mai yawa na tallan yana gudana ne ta Facebook da WhatsApp, inda dillali zai ɗauki bidiyo da wayarsa ya tura, wani ya tura wa wani, har gida ɗaya ya bayyana a hannun dillalai biyar da farashi biyar. Sau da yawa ba a faɗin ainihin wurin da gidan yake, don tsoron kada mai saye ya zagaye dillali ya hana shi la'adarsa. Ana iya fahimtar wannan tsoro, amma sakamakonsa shi ne an cire bayanin da ya fi kowane muhimmanci. Haka nan a ce fuloti ɗaya ba tare da awo ba, alhali wani yana nufin ƙafa 50 da 100, wato kimanin murabba'in mita 465, wani kuma yana nufin rabin haka. Hoton da aka ɗauka da rani kuma ba ya nuna inda ruwa yake kwanciya a watan Agusta.

Babban aibin da kyamara ba ta iya ɗauka a wurinmu shi ne na takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma mai riƙe da takardar shaidar mallaka ta gwamnatin jiha yana bukatar amincewarsa kafin ya mayar da haƙƙinsa ga wani. Ga gidajen gado da wani magaji zai sa a kasuwa ba da sanin sauran ba, ga gidan da aka jinginar a banki, ga filin da aka sayar wa mutum biyu. Wannan ne ya sa a Legas da wasu birane ake ganin an rubuta a jikin katanga cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne. Abuja da Kaduna da Kano suna da hukumomin da suke ajiye bayanan filaye a kwamfuta, wato AGIS da KADGIS da KANGIS, inda ake neman a bincika matsayin takarda. Saboda haka tallan da ya faɗi irin takardar da gida yake da ita, ya kuma yarda a je a bincika kafin a ba da kafin alƙalami, ya fi mai hotuna 30 da bai ce uffan a kanta ba. Inda kuwa gidan yake cikin tsohuwar unguwa da ba a yi wa irin wannan rajista ba, mai saye zai koma ga mai unguwa da maƙwabta da shaidun cinikin da ya gabata, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya.